Mudu Biyu A Kasuwa Ɗaya

Akwai wata gardama da ta daɗe tana raba mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, ana yin ta a majalisa da tashar mota da bakin masallaci bayan la'asar. Gardamar kuwa ita ce, ina iyakar hannun hukuma cikin sha'anin mutane? Wane abu ya kamata doka ta kama, wane ya kamata ta ƙyale?

Masu gardamar sun kasu kashi uku. Na farko su ne masu cewa hukuma ta janye hannunta daga ciniki ɗungum, kasuwa ta yi wa kanta farashi, mai aiki da mai ba da aiki su shirya tsakaninsu. Na biyu su ne masu cewa duk masifar da ta same mu lalacewar tarbiyya ce ta jawo, saboda haka a ƙara tsananta hani da bulala, sauran abubuwa za su gyaru da kansu. Na uku su ne masu cewa tun da ƙasa ba lafiya, kowace doka aka kafa da sunan tsaro daidai ce, a rufe kasuwa, a hana mai, a yanke waya, kada kowa ya ce uffan.

Ni dai ban bi ko ɗaya daga cikinsu ba. Ra'ayina shi ne, doka abar bukata ce a kasuwa da wurin aiki da cikin gari, amma an daɗe ana auna mana ita da mudu biyu, babba in za a karɓa wurin talaka, ƙarami in za a ba shi hakkinsa. Muddin ba a fasa mudu ɗaya ba, gardamar nan tamu surutu ce kawai.

Masu cewa a saki kasuwa

Bari mu fara da kashi na farko, mu kuma ba su gaskiyarsu inda suke da ita. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu na wannan yanki duka. Daga Zurmi da Shinkafi da Moriki ake ɗauko kaya a jakai da raƙuma a kawo tasha. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma aka mai da ita hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi tun kafin a buɗe kaka, ita kaɗai ke da ikon sayarwa ƙasashen waje. Abin da take biyan manomi bai kai abin da take samu a can ba, rarar kuwa tana shiga baitulmali. Lalle an yi ayyuka da kuɗin, amma manomin da ya duƙa a gona ba a taɓa tambayarsa ko ya yarda ba. Wannan gaskiya ce, masu cewa a saki kasuwa kuwa suna da ikon tuna mana da ita.

Suna kuma kawo hujja daga addini, cewa an roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanka farashi a Madina sa'ad da kaya suka yi tsada, bai yanka ba. Wannan ma haka ne.

To, amma sai mu tambaye su, da aka rushe hukumomin ciniki a 1986, manomi ya sami 'yancinsa? Wanda ya maye gurbin hukuma shi ne mai kuɗin da ke ba da bashin taki da damina, ya karɓi buhu da kaka a farashin da ya ga dama, ya kulle a ɗaki, ya fito da shi da bazara ya sayar wa mai noman da ninki. Shari'ar da ta ƙi yanka farashi ita ce ta hana ɓoye abinci don a jira tsada, ta hana tare fatake a hanya kafin su san farashin gari, ta hana tauye mudu har aka saukar da sura guda a kan masu yin haka. Me ya sa ake ɗaukar hadisi ɗaya a bar sauran? Wanda ya karanta rabin wasiƙa bai san saƙo ba.

In kuwa ana son a ga abin da ke faruwa inda hukuma ta kau da kai gaba ɗaya, a dubi abin da ya auku a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa, a cikin dutsen kuwa akwai dalma. Ƙurar ta shiga abinci da ruwa da jikin ƙananan yara, yara wajen 400 suka mutu a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma. Babu mai duba aiki da ya taɓa zuwa ya ce wannan dutse guba ne, ku niƙa shi bayan gari. Masu sayen zinariyar sun sayi abinsu sun tafi, iyaye suka tsaya da haƙa kabari. Wannan ita ce kasuwar da ba mai tsaronta. Ko Ingila, wadda ake cewa uwar ciniki ce, sai da ta kafa doka a 1833 ta hana sa yara 'yan ƙasa da shekara 9 aiki a masaƙu, don ta ga in aka bar mai masaƙa da son ransa ba zai bari ba.

Masu cewa a ƙara bulala

Kashi na biyu su ma suna da tasu gaskiya. Ba Musulmin da zai yi musun cewa giya da caca da zina haram ne. Hana su kuwa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Ko dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya. Sa'an nan a ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi shelar Shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairu 2000, jihohi 11 kuma suka bi sawu. Aka rufe mashaya da gidajen karuwai da gidajen caca, aka sa ido kan cuɗanyar maza da mata a abin hawa, aka kafa hukumar zakka da ta Hisba. Jama'a suka yi murna, don sun gaji da kotun da sai mai kuɗi ke cin shari'a a cikinta.

Amma ku tuna wanda aka fara yanke wa hannu. A watan Maris 2000 ne, a Talatar Mafara, wani mutumin ƙauye ne da ya saci saniya. Shekaru fiye da 20 ke nan, ku lissafa mini manya nawa aka tsayar gaban alƙali don sun ci kuɗin asibiti ko na makaranta ko na takin manoma. Saniya ɗaya ta ci hannu, kuɗin rijiyar gari guda bai ci ko yatsa ba. Wannan ba laifin Shari'a ba ne, laifin masu riƙe da mudu ne.

Magabatanmu ba haka suka fahimci al'amarin ba. A shekara ta 18 bayan Hijira, da yunwa ta auka wa Madina da kewayenta, Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarawo, ya mai da hankali ga ciyar da mutane, shi kansa ya ƙi cin mai daɗi har aka sami sauƙi. Ya san cewa kafin shugaba ya tambayi talaka me ya sa ka ɗauka, sai ya tambayi kansa me na ba shi. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ma, a littafinsa Kitabul Farƙi, da ya zo lissafa ayyukan sarakunan da ya yaƙa, ya ambaci harajin zalunci da karɓe kayan 'yan kasuwa da cin hanci wurin shari'a. Ya kamata mu mutanen wannan yanki mu fi kowa sanin haka, domin Namoda, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa, yana cikin manyan mayaƙan da suka ci Alƙalawa a 1808. Ba don a kama mai kalangu kaɗai suka fita ba.

Ga kuma wata tambaya. Matar da 'yan bindiga suka kashe mijinta a ƙauyen Zurmi, ta gudo Ƙaura da 'ya'ya biyar, ba gona ba jari, in aka hana 'yarta talla don tsare mutuncinta, me aka ba ta a madadi? Hanin daidai ne, gama talla ta lalata 'yan mata da yawa. Amma hani ba tare da tanadi ba, kamar a ɗaure akuya ne a hana ta kiwo, a kuma hana ta dusa, sa'an nan a yi mamaki ta tsinke igiya.

Masu cewa tsaro ya halatta kome

Kashi na uku su suka fi ƙarfin murya a 'yan shekarun nan. A farkon Satumba 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako na jihar duka, ta hana safarar dabbobi, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita hawan babur, aka kuma yanke layukan waya. Hujjar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai da labari. Niyya ce mai kyau, ba kuwa wanda zai ce ba su ji jiki ba a makonnin farko.

Amma wa ya fi jin jiki? Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa, har daga Nijar ake cin ta. Ku ƙidaya masu ci daga gare ta: dillali, da ɗan dako, da mai turin kura, da mai tuwo, da mai ruwa, da mahauci, da direba da yaronsa, da manomin da ke kawo tunkiya ɗaya ya sayar ya sayi maganin matarsa. Duka aka tsayar da su rana ɗaya, ba sanarwar kwana bakwai, ba ko tiya ɗaya ta diyya. Haka Kasuwar Daji a ƙasar Ƙaura. Mai rake da mai tumatir kayansu suka ruɓe, mai injin niƙa ya rasa mai, wanda aka kawo wa hari da dare ya rasa wayar da zai kira taimako. Shi kuwa ɗan bindiga yana da kuɗin fansa a aljihu, litar da ta gagari talaka shi bai ji tsadarta ba. Da aka matsa musu a nan sai suka zame gabashin Sakkwato, a watan Oktoban shekarar suka auka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane fiye da 40. Bayan 'yan watanni aka buɗe kasuwanni aka mai da waya, 'yan bindiga kuwa suna nan.

Haka aka yi da haƙar ma'adinai. Gwamnatin Tarayya ta hana ta a Zamfara a watan Afrilu 2019, ba ta ɗage ba sai Disamba 2024. A cikin shekarun nan biyar, wanda ke tsoron doka ya ajiye diga, wanda ba ya tsoro ya gaje ramin. Haka rufe kan iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mai buhu biyu a kan babur aka kama, farashin shinkafa ya hau.

Abin mamaki, a Fabrairu 2023, da canjin takardun kuɗi ya sa mutane kwana a ƙofar banki, gwamnatin Zamfara tana cikin jihohi uku na farko, ita da Kaduna da Kogi, da suka kai Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli, suna cewa ba daidai ba ne a tsayar da cinikin talaka don a kama masu laifi. Kotu kuwa ta ba su gaskiya ranar 3 ga Maris. Madalla. To, hujjar da ta yi daidai a 2023, me ya hana ta yin daidai a 2021? In ciwon a jikin wani yake, sai a ce haƙuri, in ya zo naka sai a nemi lauya.

Dokar da ba mai yi mata gardama

Yanzu mu zo ga abin da duka kashi ukun suka yi shiru a kansa, watau hakkin mai aiki. A 1981 aka fara kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa, naira 125 a wata. A 2019 aka mai da shi naira 30,000, a 2024 kuma naira 70,000. Ma'aikatan gwamnatin Zamfara ba su fara ganin na 2019 ba sai 2024, shekara biyar bayan sa hannu. Dokar rufe kasuwa ta fara aiki cikin 'yan kwanaki, dokar albashi ta yi shekara biyar a hanya. Ga mudu biyu ƙiri-ƙiri.

Ban da wannan, ku da kuka iya karatu ya kamata ku san abin da ke cikin dokar. Ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi mai aikin gona na kaka ko na damina ba, ba ta shafi wanda ake biya da kamasho ko da yawan abin da ya yi ba. To, ku duba Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, mutum nawa suka rage a ƙarƙashinta? Ɗan ƙwadago a gona, yaron shago, yaron mota, mai aikin gidan burodi, yarinyar da aka kai aikatau birni, ba ɗayansu da dokar ta san da zamansa. In aka hana shi ladansa, ko injin ya cinye masa yatsu, ba shi da wurin kai ƙara sai wurin Allah. Alhali kuwa addininmu ya yi umurni a biya ma'aikaci da gaggawa, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya sa mutum aiki ya cinye ladansa. Sau nawa kuka ji an fita sintiri don a kama wanda ya hana lebura kuɗinsa?

Akwai wanda ya fi wannan muni. Kakanninmu sun ba da labarin aikin tilas na zamanin Turawa, musamman na 1942 zuwa 1944, sa'ad da aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos don yaƙin duniya na biyu, da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can. Muka ce wannan ya wuce, har Tsarin Mulkin 1999 ya hana aikin tilas a sashe na 34. Sai ga shi a shekarun nan an yi ta ba da labarin ƙauyukan Zurmi da Shinkafi inda 'yan bindiga ke sa wa mutane kuɗi kafin su yi shuka, su sake sa musu kafin su yi girbi, su kuma kora su gonakinsu su yi musu noma kyauta. Jangali da haraji, waɗanda 'yan NEPU suka yi ta kuka a kansu tun 1950, har Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna a 1979, sun komo da bindiga a kafaɗa. Hukumar da ta kasa hana wannan, da wace fuska za ta tare mutumin a hanya ta ci shi tara don ya ɗauko galan ɗin mai?

Abin da ya kamata

Kada wani ya ce na rushe ban gina ba. Abin da nake kira gare shi abu huɗu ne, ba kuwa wanda ya fi ƙarfin hukuma.

Na ɗaya, duk dokar da za ta tsayar da abincin mutane, a faɗi ranar farawarta da ranar ƙarewarta, a shawarci sarkin kasuwa da shugabannin 'yan dako da na direbobi da na mahauta tun kafin a buga ta, a kuma tanadi abin da za a ba waɗanda za ta zaunar. In baitulmali ba zai iya ɗaukar diyyar ba, to, talaka ma ba zai iya ɗaukar hasarar ba.

Na biyu, a sa wa kowace babbar kasuwa mai duba mudu da sikeli da ɓoyon abinci, a biya shi albashin da zai hana shi miƙa hannu. Asalin aikin Hisba ke nan a littattafan malamai, kasuwa ce farkon wurin aikinta.

Na uku, a buɗe wa ɗan ƙwadago ƙofa a kotun da ke kusa da shi, inda zai kai ƙarar ladansa ba tare da kuɗin lauya ba, a yanke cikin mako guda. Hukuma kuma ta fara da kanta, ta biya malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da ɗan fansho a kan kari.

Na huɗu, dokar tarbiyya ta tsaya, amma ta hau kowa. Gidan da ke da dogon bango da mai gadi kada ya fi ƙarfinta. A kuma haɗa kowane hani da tanadi, zakka ta isa ga gwauruwa da maraya kafin bulala ta isa.

Wani zai ce, ai wannan magana tana raunana hukuma a lokacin da take yaƙi. Ni kuwa na ce ita ce ƙarfinta. Soja ba ya ganin cikin daji sai da idon mutanen ƙauye, mutumin ƙauye kuwa ba zai ba da labari ga wanda ya rufe masa kasuwa ya bar shi da yunwa ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ku 'yan'uwa da Allah ya buɗe wa ido kuka koyi karatu da rubutu da girmanku, wannan aiki naku ne. In aka manna sanarwa a ƙofar sakatariya, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, ku tambaya wa ya sa hannu, yaushe za ta ƙare, wa za ta hau, wa ta tsallake. In masu neman ƙuri'a suka zo, wannan ya ce shi mai Shari'a ne, wancan ya ce shi mai tsaro ne, wani ya ce shi mai buɗe ciniki ne, ku yi musu tambaya ɗaya, da wane mudu za ka auna mana, da wane kuma za ka auna wa kanka da 'ya'yanka? Wanda ya yi inda-inda, kun san amsarsa.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ba mu ikon faɗa musu gaskiya cikin ladabi, ya mai da manomanmu gonakinsu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu. Amin.